Bakin Ruwan Yauri: Rairayi, Kwata da Tarihin da Tafkin Kainji Bai Haɗiye Ba

Idan bazara ta kama, daga wajajen watan Maris, ruwan Tafkin Kainji yakan fara ja da baya. Kullum sai ya sauka kaɗan, har ƙasar da ta yi watanni a ƙarƙashinsa ta fito fili. Wani wuri laka ce baƙa wadda manoma ke rububinta, wani wuri kuwa rairayi ne mai laushi, a shimfiɗe tun daga gindin itatuwa har zuwa inda igiyar ruwa ke tsayawa. A Yelwa, hedikwatar Masarautar Yauri, da Zamare, da Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski, da ƙauyukan Shanga na can sama inda tafkin ke ƙuntata ya koma kogi, a kan wannan gaɓa ake shanya taru, a nan ake toshe jirgin da ke yoyo, a nan mata ke wanki, yara kuma ke koyon iyo tun ba su iya kirga kuɗi ba.

Masu hali daga cikin mutanenmu na Arewa sukan ɗauki iyali su tafi Legas ko Badagiri don su ga bakin teku. Wasu har Gana suke kaiwa, su zaga ganuwar Elmina wadda Turawan Fotugal suka gina a 1482, sannan su sauka kan rairayi su sha iska. Waɗanda aljihunsu ya fi nauyi sai Zanzibar. Abin da ke jan mutane zuwa waɗannan wurare abu biyu ne a haɗe: ruwa mai faɗi da ido ba ya ganin ƙarshensa, da tsohon garin tashar jirage wanda ya ga zuwan Turawa da tafiyarsu. Duka biyun suna nan a kudancin Jihar Kebbi, a kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Jega da Koko ta nufi Kwantagora. Motocin haya da tireloli suna ratsa Yauri dare da rana, fasinja ya sauka ya sayi albasa da busasshen kifi a bakin titi ya koma mota, bai san cewa 'yar tafiya kaɗan ce tsakaninsa da tafkin da tsawonsa ya kai kimanin kilomita 135 ba.

Sai dai wanda zai zo ya san irin wurin da zai tarar. Ba a jera kujeru da laima don baƙo ba. Bakin ruwan Yauri wurin neman abinci ne, kuma a ganina a nan darajarsa take.

Safiya a kwata

Wanda ke son ganin Yelwa da gaske ya sauka kwata bayan sallar asuba. Kafin rana ta ɗaga, jiragen masunta da suka kwana a ruwa sun fara dawowa, wasu da filafili, wasu da inji. Ba a hayaniya da farko. Mai jirgi zai tura hancinsa kan yashi, yaransa su diro su ja shi, sannan a fara fito da abin da Allah ya hore: karfasa, da kurungu mai ƙaya, da tarwaɗa, da faliya, da ragon ruwa, wata rana kuma a ci sa'ar giwan ruwa wanda sai mutum biyu sun kama. Dillalai da mata masu saye sun riga sun tsaya da daro da kwanduna. Ana gama gaisuwa, a tambayi kwanan ruwa da gajiya, sai ciniki ya kankama. Da wuya a ji farashi da ƙarfi. Mai saye da masunci yawanci sun san juna shekara da shekaru, wani lokaci ma mai sayen ne ya ranta kuɗin tarun, don haka kifin nasa ne tun yana cikin ruwa, lissafi kawai za a yi.

Daga baya manyan jiragen katako ke isowa, masu ɗaukar fasinja da kaya daga gungaye da tungaye da kuma tsallaken Jihar Neja. Abin da jirgi ɗaya ke saukewa yana da ban mamaki: buhunan shinkafa da masara, tulin albasa, babura, awaki, tumaki, itacen girki, kwalayen bandar kifi da aka ɗaure da igiya za a loda su zuwa kasuwannin Kudu. 'Yan dako suna shiga ruwa har gwiwa, wani har ƙugu, su ɗauko buhu a ka. Idan ka kasa kunne za ka ji Hausa ce ke haɗa kowa, amma a ƙarƙashinta akwai Gunganci da Kambarci da Dukkanci da Fulatanci da Nufanci, har da Zabarmanci na masuntan da suka biyo kogin daga Nijar.

Ta bayan kwata hayaƙin banda ke tashi. Mata ne ke riƙe da wannan sana'a. Su fafe kifi, su wanke, su lanƙwasa tarwaɗa su soke wutsiyarta, su jera a kan waya bisa murhun laka, su yi ta juyawa har ya bushe ya yi ja. Aiki ne mai cin ido da ƙirji, kuma da shi ake ciyar da gidaje da yawa, da shi ake aurar da 'ya'ya. Ƙananan kifayen nan da ake kira warangi kuwa a rana ake baza su, a auna da mudu. Baƙon da ya zauna kan benci aka kawo masa soyayyen karfasa da yaji da yankakkiyar albasar Yauri, ko tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi, ba zai yi kewar abincin otal ba.

Da la'asar wurin yakan canza kama. Zafi ya sauka, iska ta taso daga kan tafki, shanun Fulani su gangaro shan ruwa da kiwon burugu, balbelu na biye da su. Samari su fito da ƙwallo a kan rairayi. Rana kuma a tsallaken ruwa take faɗuwa, domin Yelwa tana gaɓar gabas ne, saboda haka duk wanda ya tsaya a bakin ruwa da yamma yana fuskantar faɗuwarta kai tsaye, da inuwar jiragen da ke fita sun dare.

Mutanen ruwa sun san kogin nan da cika biyu a shekara. Akwai farin ruwa, mai laka, wanda ruwan damina na nan kusa ke kawowa daga wajajen Agusta zuwa Oktoba. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali yana zubar da lakarsa, sai ya iso nan garau cikin sanyin hunturu. Wannan ne ya sa ake ganin kogi a cike a lokacin da ko ɗigon ruwan sama babu. Masunci da manomin albasa da mai fito duk da wannan kalanda suke aiki.

Garin da ayari ke tsallakawa

Yauri ba jiya ta fara ba. Masu tarihi suna lissafa ta cikin Banza Bakwai, tare da irin su Kabi da Zamfara da Nufe. Tsohuwar hedikwatarta ita ce Birnin Yauri, wadda yau take cikin ƙaramar hukumar Ngaski, kuma har yanzu ana ganin burbushin ganuwarta. Tun kafin wannan ma akwai mutane a wurin: lokacin da masana kayan tarihi suka yi gaggawar haƙa a kusa da Yelwa cikin shekarun 1960, kafin ruwa ya rufe wurin, sun tono mutum-mutumin yumɓu da tukwane na mutanen da suka zauna a nan fiye da shekara dubu da suka wuce.

Abin da ya ɗaga Yauri shi ne mashigi. Fataken goro da ke tasowa daga Kano da Katsina zuwa Gwanja dole su tsallake kogin nan na Kwara a wani wuri, kuma Yauri na ɗaya daga cikin manyan wuraren da ake tsallakawa, kafin a shiga ƙasar Bargu a nufi Salaga. Ayari yakan zo da jakuna ɗauke da kanwa da tufafin rini da kayan fata, ya dawo da goro. Gungawa, mutanen tsibirai waɗanda ke kiran kansu Reshe, su ne masu jirage, su ke fito da mutum da dabba da kaya, sarki kuma ya karɓi kuɗin fito. Wanda ya fi kowa yi wa wannan tarihi hidima ɗan ƙasar ne, marigayi Farfesa Mahdi Adamu na Ngaski, wanda ya rubuta kundin digirinsa na biyu a kan Yauri ta ƙarni na 19, daga baya ya fitar da littafinsa kan rawar Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma a 1978, ya kuma shugabanci Jami'ar Sakkwato. Ya kamata a ce kowane ɗalibin sakandare a masarautar nan ya san sunansa.

Ta kan ruwa Turawa suka fara bayyana. A farkon 1806 Mungo Park ya iso ƙasar Yauri cikin jirginsa, yana neman inda kogin ya ƙare. A nan tafintansa, Amadi Fatuma, ya rabu da shi. Park ya ci gaba ya gangara, ya halaka a duwatsun Busa. Bayan shekara 24, a tsakiyar 1830, 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka zo Yauri suna cigiyar takardunsa. Sun yi makonni a wurin sarki ba su samu ba, suka juya suka bi ruwa har suka fita teku a ƙarshen wannan shekara. Daga ranar Turai ta san cewa Kwara hanya ce daga teku zuwa cikin ƙasar Hausa, abin da ya biyo baya kuwa kowa ya sani.

Ƙarni na 19 bai yi wa Yauri daɗi ba. Rigingimun sarauta sun raba gidan mulki, hare-haren Nagwamatse na Kwantagora suka cinye ƙauyukan gabas, har ta kai sarauta ta koma fakewa a tsibiri. Sarki Abdullahi Abarshi ne ya tattara abin da ya saura, ya kafa hedikwata a Yelwa a 1888. Ko shekara goma bai yi ba sai ga Kamfanin Royal Niger, wanda Ingila ta ba izinin mulki da ciniki a kogin tun 1886, ya buɗe wurin ciniki a Yelwa a 1896. A lokacin Ingila da Faransa suna tseren mallakar Bargu da gaɓar Kwara, don haka sojoji suka biyo bayan 'yan kasuwa, aka kafa sansani a garin a 1898. Jiragen tururi ba sa iya haye duwatsun Busa, saboda haka duk abin da Bature zai aika sama zuwa Illo, ko abinci ko harsashi, sai a jirgin Bagunge.

A kan wannan buƙata ce jini ya zuba. A ranar 9 ga Oktoba, 1898, wani hafsa mai suna Laftana Keating ya je wani tsibiri kusa da Yelwa da sojojinsa don karɓar jirage da ƙarfi. Mutanen tsibirin suka ƙi, faɗa ya kaure, aka kashe shi da mutanensa. Sojojin Turawa suka dawo da ramuwa, suka ƙone ƙauyuka. Keating ɗan Kanada ne, kuma har yau akwai allon tunawa da shi a wani lambun shaƙatawa na birnin Halifax. Su kuwa masuntan da suka mutu suna kare jiragen da suke ci da su, babu wani allo da ke ɗauke da labarinsu a bakin ruwan da suka mutu a kansa. Wannan abu yana damuna ƙwarai. Baƙon da ya je Elmina ko Badagiri ana riƙe hannunsa a nuna masa ɗaki bayan ɗaki, a gaya masa wanda ya gina da wanda aka ɗaure a ciki. A Yelwa sai mutum ya dace da dattijon da ya ji daga kakansa, kuma dattawan suna ƙarewa.

Shekarar da ruwa ya zo

An fara ginin madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka toshe kogin a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a farkon 1969. Tafkin da ya taru a bayanta ya rufe ƙasa mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,200. Tsohuwar Busa ta nutse tare da duwatsun da suka ci Mungo Park. Babban tsibirin Foge ya nutse. Mutane kimanin 44,000 aka tasa daga garuruwa da ƙauyuka fiye da 200, aka zuba su a sababbin matsugunai masu gidajen siminti iri ɗaya, waɗanda har yanzu ana gane su da gani a gefen tafkin. Wani sashe na Yelwa ma ya shiga ruwa, sai dai tsakiyar garin da ke kan tudu ya tsira.

Ba wanda wannan sauyi ya taɓa kamar Gungawa. Mutane ne da suka gwanance da noman albasa da gero a kan lakar tsibirai, suna ban ruwa da hannu daga kogin da ke kewaye da su. Aka wayi gari an kai da yawansu kan tudu, inda ƙasa daban take, noman ma daban. Wasu sun koyi sabuwar rayuwa, wasu sun koma bin gaɓa duk inda ruwa ya ja. Kaburburan iyaye da wuraren al'ada suna ƙarƙashin tafki. Cikin shekarun da suka biyo baya harshen Gunganci ya yi ta ja da baya a gaban Hausa, kamar yadda Shanganci, wanda dangin harsunan Busa da Kyanga ne, ya rage sai a 'yan ƙauyuka. Duk wanda ya hau jirgi ya ratsa tsakiyar tafkin nan ya sani cewa a kan gidajen mutane yake tafiya.

Madatsar tana da injuna takwas masu ƙarfin megawat 760, wutar da ke tafiya manyan biranen ƙasar nan har da Jamhuriyar Nijar. Ƙauyuka da yawa na bakin tafkin kuwa, waɗanda suka ba da gonakinsu aka samar da ita, da fitilar hannu suke kwana. An kuma yi wa madatsar ƙofar wucewar jirage, da burin manyan jiragen kaya su riƙa tasowa daga teku su wuce Yelwa har iyakar Nijar. Wannan buri bai cika ba. Yelwa ta ci gaba da zama tashar jiragen katako kamar yadda kakanni suka bar ta, sai dai inji da ya maye gurbin gora da filafili.

Abin da tafkin ya kawo na alheri shi ne kifi. A shekarun farko, ciyayi da itatuwan da ruwa ya rufe sun zama abinci da maɓoya, kifi ya yi ta hayayyafa, har abin da aka kama a 1971 ya haura tan 28,000. Labari ya bazu, Sarkawa da sauran masunta suka yi ta kwararowa daga Argungu da Nufe da Nijar da Mali, tungaye suka tsiro a ko'ina. Kafin ƙarshen shekarun 1970 kamun ya faɗi warwas. Ya sake farfaɗowa daga baya, sannan ya sake sauka. Masu bincike na cibiyar nazarin kifin ruwan daɗi da ke Sabuwar Busa, da aikin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus da aka yi a tafkin cikin shekarun 1990, sun ɗora babban laifin a kan dala, wato dogon taru mai ƙananan idanu da ake ja daga bakin gaɓa. Don warangi ake jan ta, amma ba ta barin 'ya'yan karfasa da na faliya da na giwan ruwa. Jihohin Kebbi da Neja sun yi dokar hana ta, aka sa sarakunan ruwa cikin aikin tsaro, aka ga sauƙi na ɗan lokaci. Da aikin ya ƙare, sa ido ya yi sanyi. Yau idan ka zauna da tsofaffin masunta, zancensu ɗaya ne: kifi ya ƙanƙance, kuma sai an yi nisa kafin a same shi. Ban ga laifin mai jan dala shi kaɗai ba, domin yunwar yau ba ta jiran kifin baɗi. Amma idan ba a ba shi wata madafa aka kuma tsaya kan doka ba, 'ya'yansa ne za su gaji tafki babu kifi.

Rigata

Lokacin da Yauri ke cika da baƙi shi ne bikin Rigata, wanda a 'yan shekarun nan ake yi cikin sanyi, wajajen watan Fabrairu, lokacin da ruwa ke cike. Asalinsa jarumtar Gungawa ce ta farautar dorina da nuna gwaninta a kan ruwa, a zamanin Turawa aka mai da shi wasan tarbar manyan baƙi, ya yi shekaru a kwance, sannan gwamnatin jiha da masarauta suka tashe shi a zamanin Mai Martaba Sarkin Yauri Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, wanda ke kan gadon tun 1999. Ana tseren jirage, matuƙa na tuƙi da murya ɗaya bisa kiɗan ganga, ana gasar iyo da nutso, ana kokawa, Kambari da Dukkawa da sauran ƙabilu su fito da rawarsu. Biki ne mai kyau, wanda duk ya samu hali ya je. Kwana biyu ko uku ne dai a shekara. Ana watsewa, manyan baƙi su shiga motocinsu, kwata ta koma hannun masu ita da matsalolinta.

Ranar Laraba a Wara

Babbar matsalar kuwa ita ce rai. A ranar Laraba 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin katako da ya taso daga tsallaken Jihar Neja ɗauke da mutane fiye da 150 ya tarwatse a kan ruwa kusa da Wara. Kimanin mutum 20 kawai aka ceto. Kwanaki aka yi masunta suna tsamo gawarwaki, ana sallah ana binnewa a bakin ruwa. Akwai mata da ƙananan yara da yawa a ciki. Ba shi ne hatsarin farko a wannan ruwa ba, kuma an yi wasu bayansa.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne, kowane matuƙi zai lissafa maka su. Jirage tsofaffi ne, katakonsu ya sha ruwa. Ana loda musu fiye da ƙima, domin jirgi ɗaya ne zai tashi ranar kasuwa, wanda ya rasa shi ya rasa cinikin mako. Itatuwan da tafkin ya rufe a 1968 ba a sare su duka ba, kututturansu suna nan tsaye a ƙarƙashin ruwa, idan ruwa ya ja sai su zo daf da sama, jirgi mai gudu ya hau kansu ya tsage. Ga iskar farkon damina da ke tasowa ba sallama, ta tada igiyar ruwa a tsakiyar tafki inda babu wurin fakewa. Ga tafiyar dare. Sannan mafi yawan fasinjoji ba su da rigar kariya daga nutsewa, mata da yawa kuma ba su iya iyo ba. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, tana da dokoki a kan lodi da tafiyar dare. Hukumar raya yankunan da ke samar da wutar ruwa, HYPPADEC, wadda aka yi dokarta tun 2010 amma ba ta fara aiki ba sai bayan shekara goma, ta raba rigunan kariya, ta kuma taɓa aikin cire kututture. An gode, amma tafkin ya fi ƙarfin rabon kaya na rana ɗaya. Abin da ake buƙata shi ne mutum a tsaye a kowace kwata, kowace ranar kasuwa, mai ikon cewa jirgin nan ya cika, ba zai ƙara ko buhu ɗaya ba.

Makonni uku bayan hatsarin Wara, a ranar 17 ga Yuni, 2021, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashe ɗalibai da malamai. Sai a 2023 'yan matan ƙarshe suka dawo gida. Ƙauyukan Shanga da Ngaski sun sha hare-hare, an kori manoma daga gonakinsu, wasu ma tsoron hanyar mota ne ke tura su hawa jirgin da ya riga ya cika. Ba zai yiwu a yi zancen yawon buɗe ido a wannan yanki a tsallake wannan ba. Garin Yelwa kansa yana harkokinsa, kasuwa na ci, makarantu a buɗe, amma mai niyyar zuwa ya tambayi mutanen gari halin da hanya ke ciki kafin ya taso, ya yi tafiyarsa da rana, kada kuma ya kutsa ƙauyukan da bai sani ba sai da ɗan gari.

Akwai sauran abubuwan kiyayewa. Idan za ka shiga jirgi, ka nemi rigar kariya ka sa, ko da za a dube ka. Idan ka ga hadari ya haɗo, ka haƙura da tafiyar. Dorina tana nan a ruwan Yauri, tana ɓarna a gonakin shinkafa, tana kuma kifar da jirgi idan tana da ɗa, don haka inda masunta suka ce kada a je, kada a je. Ruwan gefe mai ciyawa, inda ba ya gudu, yana ɗauke da tsargiya, cutar da ta daɗe tana damun yaran bakin tafki. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton matan da ke wanka ko wanki. Idan ka isa tunga, ka fara gaida mai gari ko sarkin ruwa, ka faɗi abin da ya kawo ka. Za ka ga karamcin da ba ka zata ba.

Na sha jin ana cewa abin da Yauri ke buƙata shi ne babban otal a bakin ruwa da jiragen shaƙatawa, don a jawo masu kuɗi daga Abuja. Ba na ƙin otal. Amma ina ganin an fara daga inda ya kamata a ƙare. Matar da ta taso daga gungu da buhun albasa da goyo a baya ita ce ta fi kowa amfani da wannan ruwa, kuma duk abin da zai sa ta isa Yelwa lafiya ta koma lafiya, shi ne dai zai sa baƙo ya yarda ya kawo iyalinsa: jirgi mai ƙwari, kwata mai matakala da rumfa da makewayi, alamun da ke nuna inda kututture yake, jirgin ceto mai mai a cikinsa, hanya mai aminci zuwa Wara. Sai kuma ɗaki ko da guda ɗaya ne a Yelwa, inda za a ajiye tsohon jirgin Gungawa da mashin farautar dorina da taswirar garuruwan da suka nutse da sunayensu, a rubuta labarin 1898 da bakin jikokin waɗanda abin ya faru a kansu.

Kira na ga Gwamnatin Jihar Kebbi da Majalisar Masarautar Yauri da HYPPADEC da shugabannin ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga: kafin Rigata mai zuwa, a fitar da wani kaso daga kuɗin bikin a sa ma'aikatan lura da lodi a kwatar Yelwa da Zamare da Wara, a kuma tura ɗaliban tarihi su ɗauki muryar dattawan da suka ga tashin 1968 da idonsu tun suna raye. Kai kuma mai karatu, idan hanya ta biyo da kai ta Yauri, kada ka tsaya a bakin titi kawai. Ka ce wa ɗan acaɓa ya kai ka kwata.